Wankin Takardun Shaihu Zubairu

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Mazadu, mai birnin Kwandarma, babu wanda ake jin maganarsa a fada kamar Sarkin Zango Gwadabe. Ba dukiya ce ta kai shi can ba, jarunta kuwa ba a ma maganarta, mutumin da ko kan akuya bai taɓa zare takobi ba. Abu ɗaya ne tak. Duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ne ya taɓa ƙetare hamada ya je Makka ya dawo da ransa. Shekara talatin ke nan yana cin wannan tafiya. In gardama ta tashi kan abin da ke bayan rairayi, sai Sarki ya waiwaya dama, inda buzun Gwadabe yake shimfiɗe, ya ce, "Alhaji, yaya abin yake?" Abin da ya faɗa shi ke nan, ko Liman ba ya ƙara komai a kai.

Ana nan sai ayarin gishiri ya sauka a zango, a cikinsa da wani Balarabe siriri mai furfura, wai shi Shaihu Zubairu, mutumin birnin Tilimsana a ƙasar Larabawan yamma. Saukar baƙi aikin Sarkin Zango ne, saboda haka Gwadabe ya ba shi ɗaki a gidansa, ya kuma ja shi har gaban Sarki yana taƙama ya samo wa fada baƙon malami. Da ya san abin da zai biyo baya, wallahi da can wajen raƙuma ya bar shi.

Ashe Shaihun nan shekararsa ashirin da bakwai yana yawon duniya. Makka sau huɗu ya je. Ya yi alƙalanci a ƙasar Hindu, jirgi ya farfashe da shi a tekun Sin, ya ga ƙasar da kogi ke daskarewa har dawaki su bi ta kansa. Kuma duk inda ya sauka, kafin ya kwance kaya sai ya rubuta abin da idonsa ya gani. Takardun nan sun cika gafaka biyu, ba ya yarda ko bawa ya ɗaukar masa su. Da farko Gwadabe ke yi masa tafinta, yana rage abin da ya ga dama. Amma mutumin da ya ci tuwon ƙasa arba'in, Hausa ce za ta gagare shi? Cikin wata uku ya kama ta, da gargada dai, amma ana ganewa. Daga nan Sarki ya daina waiwayar kowa sai shi. Ba a ɗauke buzun Gwadabe ba, an dai ɗan ja shi gefe, aka shimfiɗa na baƙo tsakaninsa da Sarki. Tazarar ba ta wuce kamu biyu ba, amma ita ce ta hana Gwadabe jin daɗin tuwo.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa ranar wata Alhamis ne. Sarki ya ce, "Shaihu, Alhaji ya sha gaya mana kogin Misra ba a hango ɗaya gaɓar, sai an yi yini a jirgi. Kai ma haka ka iske shi?"

Shaihu Zubairu, bawan Allah, bai san inda maganar ta dosa ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni dai na ƙetare shi sau tara. Kafin mutum ya cinye dabino bakwai an kai. Wataƙila shekarar Alhaji an yi ambaliya."

Babu wanda ya yi dariya a fili, fada ce. Amma Gwadabe ya ga kafaɗun Galadima suna rawa, ya ga Madawaki ya ja amawali ya rufe baki. Ya koma gida zuciyarsa kamar an zuba mata barkono. Abin da ya fi ƙona shi ma ba kunyar ba ce. Shi fa ya san mutumin nan gaskiya yake faɗa. Ya ga duniya, ya kuma zo da ita a rubuce, shi kuwa Gwadabe nasa hajjin duk ya goge a baki saboda yawan maimaitawa, har shi kansa bai san wanne ya gani wanne ya ƙara ba. Kullum in ya wuce ɗakin baƙon ya hango gafakan nan a rataye, sai ya kau da kai. Hassada ce, ba sai an saya mata suna ba.

Wata rana da hantsi, cikin bazara, fada ta cika, sai ga manzo daga kan iyaka ya shigo a guje, ya zube gaban Sarki ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Zaki, Barandawa sun ƙetaro! Kurunku da kansa ke jan su. Sun ƙone garin Tsamiyar Doka ƙurmus, sun kore shanu. Kwana uku ya rage tsakaninsu da ganuwa."

Barandawa mutanen duwatsun kudu ne, sarkinsu Kurunku ya daɗe yana rantsuwa sai ya shayar da dokinsa a rijiyar fadar Kwandarma. Kafin a gama jin manzo, sai ga Sarkin Tambari shi ma ya faɗi ya ce tun da asuba zuma sun yi cincirindo a jikin tambarin yaƙi, an yi hayaƙi sun ƙi tashi.

Galadima ya fara magana. "Allah ya ja zamanin Sarki. Tambarin da ya ƙi a taɓa shi, ai ya faɗi nasa ra'ayin. A rufe ƙofofi. Rumbunanmu cike suke, rijiyoyinmu ba su ƙafe ba. Damina na faɗuwa Kurunku zai tuna da gonarsa."

Madawaki, shugaban mayaƙa, ya ce, "Galadima, mu shige ɗaka mu bar talakawan karkara a hannun wa? Allah ya ba ka nasara, ni fita nake so. Amma ba zan ɓoye maka ba, zukatan dakaru sun yi sanyi. Bara a yaƙin Kwazazzabo kowannensu da laya a damtse, dafin kiban Barandawa bai kula da ita ba. Yanzu ga zancen zuman nan ya riga ya zaga gari. In na fita da su a haka, kafin a busa ƙaho rabinsu sun juya."

Sarki ya waiwaya dama. Gwadabe har ya gyara zama, sai ya ji an ce, "Shaihu, sarakunan da ka gani, me suke yi a rana irin ta yau?"

Shaihu ya ce Sarkin Hindu giwaye yake sa wa sulke ya tura gaba, na Sham kuwa wuta suke harbawa a cikin tukwane. Madawaki ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, don a Kwandarma giwa sai a daji, ita ma ba ta karɓar umarni. A daidai nan dabarar ta faɗo wa Gwadabe, cikakkiya, kamar da ma tana laɓe tana jiransa. Ya miƙe kan gwiwoyinsa ya jinjina.

"Zaki, ka fi ni ji, ka fi ni gani, bawanka yana da 'yar magana."

"Faɗi, Sarkin Zango."

A da Alhaji Sarki ke ce masa. Ya haɗiye wannan ma.

"Allah ya ba ka nasara, ba giwa muka rasa ba, zuciya muka rasa. Mu kuwa tun kakanninmu mun san maganin wannan. A rubuta sunan Allah a allo, a wanke, a sha. To, rubutun malamanmu a nan Kwandarma aka yi shi, da tawadar Kwandarma, dakaru sun sha sun ga iyakarsa. Amma ga shi Allah ya kawo mana rubutun da ba a taɓa ganin irinsa ba a ƙasar Hausa. Shaihu, don girman Allah, ba kai ka gaya wa Sarki akwai takardar da ka rubuta kana zaune kana duban Ka'aba ba?"

Shaihu ya ce, "Haka ne."

"Ba ka ce a Madina da ruwan Zamzam ka dama tawadarka ba?"

"Na ce."

"Akwai takarda ɗaya a cikinsu da ba ka buɗe ta da Bisimilla ba?"

"Babu." Sai a nan Shaihu ya fara gane inda aka nufa da shi, fuskarsa ta canza.

Gwadabe ya juya ga Sarki. "To, Zaki, ka ji. A wanke takardun nan a ba dakaru su sha. Mutumin da Makka da Madina ke cikin cikinsa, ina kibiyar Kurunku za ta same shi?"

Kai, zo ka ga yadda fada ta ɗauka! Madawaki har ya buga ƙasa da tafin hannu. Liman ne kaɗai ya ɗan yi gyaran murya ya ce shi dai abin da ya sani ayoyi ake wankewa, amma da ya ga babu mai dubansa sai ya koma jan carbi.

Shaihu Zubairu ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarki, Hausarsa duk ta rikice. "Sarki, ka ji tsoron Allah! Ba Alƙur'ani ba ne, ba addu'a ba ce. Labarin garuruwa ne. Sunayen alƙalai, yadda ake dafa shinkafa, inda rijiya take. Ba ya tare kibiya! Zan rubuta muku ayoyi yini da yini har hannuna ya mutu. Amma wannan shekara ashirin da bakwai ce. Ni tsoho ne, ba zan sake komawa ba."

Gwadabe ya ce cikin taushin murya, kamar mai lallashi, "Shaihu, tawali'u ne irin naku na manya, mun sani. Sai dai akwai al'adar garin nan, ni da na sauke ka wajibina ne in tuna maka. Baƙon da ya ci tuwon Sarki kwana arba'in, ranar yaƙi abin hannunsa na Sarki ne. Fatake dawakinsu suke bayarwa, Buzaye takubbansu. Kai wata biyar ka yi."

Sarki Mazadu ya dubi Shaihu ya daɗe, don yana ƙaunarsa har zuciya. Amma Kurunku na tafe. Ya ce, "Al'ada ta riga ni zama a gadon nan, Shaihu. Ka yi haƙuri. Sarkin Zango, kai ka kawo shawara, kai za ka yi wankin."

Washegari da safe aka jera manyan randuna bakwai a ƙofar fada, aka cika su da ruwa. Dogarai suka kawo gafaka biyun nan suka ajiye gaban Gwadabe. Ya naɗe hannun riga, ya zaro takarda ta farko. Yana da Larabcinsa daidai gwargwado, saboda haka idonsa kan kama kalma kafin ruwa ya cinye ta. Ga Bagadaza, ta narke. Ga wani tsibiri inda mace ke sarauta, ya narke. Tawadar Larabawan yamma ba ta da taurin kai, ana tsomawa take sakin takarda. Shi kuwa daɗi yake ji, daɗi na gaske, kada wani ya ce maka ya yi nadama a wannan safiya. Kowace takarda ta fito fara sai ya ji buzunsa ya matso kusa da Sarki da ɗan yatsa guda.

Shaihu na zaune a ƙasa cikin rana, rawaninsa ya kwance bai gyara ba. Da aka kusa ƙarshen gafaka ta biyu ya taso ya kama hannun Gwadabe.

"Mai gidana, wannan ɗaya ka bar mini. A bakin kabarin mahaifiyata na rubuta ta. Ina Hindu ta rasu, sai bayan shekara tara na iso."

Gwadabe ya dubi takardar, ya dubi mutumin. Ya ce, "Duka Sarki ya ce." Ya tsoma ta.

Dakaru suka biyo layi, mahaya da 'yan baka da masu yaƙi a ƙasa, kowa ludayi guda. Waɗansu suna sha suna shafawa a ƙirji, wani ma kuka ya fashe da shi wai yau ya sha Zamzam. Kafin azahar randuna bakwai sun ƙafe, mutanen da jiya suke rarraba ido yau sai haƙuri ake ba su kada su fita tun ba a ba da umarni ba. Zuman nan ma aka nema a jikin tambari aka rasa, aka ce ka gani.

Gwadabe ya riga ya auna abin ta kowace fuska. In an ci nasara, shawararsa ce. In an sha kashi, rubutun baƙo ne ba shi da albarka. Ko ta yaya gafaka ta zama fanko, Balarabe zai bi ayarin farko ya tafi da baƙin cikinsa. Da wannan tunani ya hau ganuwa rana ta uku, tare da sauran tsofaffi, don a fadamar da ke gaban ƙofar kudu aka yi karon.

Barandawa sun yi sahu a gindin giginyu, sun fi mutanen Kwandarma yawa nesa ba kusa ba. Yadda aka saba, 'yan baka ke fara musayar kibau daga nesa, mahaya su jira sai kwari ya yi sauƙi. A nan dafin Barandawa ke cin mutane. To, ran nan babu wanda ya jira. Ana buga tambari dakarun Kwandarma suka kwasa a guje gaba ɗaya, ƙirji buɗe, wasu har garkuwa suka yar. Kibau sun ci na gaba, sun ci ƙwarai, Gwadabe da idonsa ya ga mutane na zubewa. Amma na baya ko waiwaye ba su yi ba, kowa ya ɗauka wanda ya faɗi bai cika ludayinsa ba ne. Kafin Barandawa su ɗana kibiya ta uku an riga an cim musu, baka kuwa ba shi da amfani in mai takobi ya iso jikinka. Madawaki ya zagaya da mahaya ta bayan giginyu ya datse hanyar rafi. Rana ba ta karkata ba sai ga dokin Kurunku ana janye da shi babu mahayi.

Gwadabe ya sauko daga ganuwa yana gyara rawani, ya tsaya a bakin ƙofa inda kowa zai gan shi. Dakaru suka shigo jina-jina suna kirari, suka wuce shi kamar turken ɗaure jaki. Sunan da ke bakinsu ɗaya ne, "Shaihu! Shaihu Zubairu!" Har gidansa, gidan shi Gwadabe, suka je suka ɗauko Balaraben a kafaɗa, yana ta ce musu ba shi ba ne, ba takarda ba ce, su kuwa suna cewa ka ji waliyyi.

Da aka yi zaman fada washegari, Shaihu ne ya fara neman magana. Ya rame cikin kwana huɗu kamar wanda ya yi jinyar wata. Ya ce, "Sarki, Allah ya ba ka abin da kake so. Ni kuma ka sallame ni. Ayari zai tashi jibi."

Zuciyar Gwadabe ta yi fari tas.

Sarki ya ce, "Sallama? Shaihu, Kurunku ya mutu amma ya bar 'ya'ya shida. Wane sarki ne zai saki abin da ya ba shi rana irin ta jiya ya tafi garin wani? Daga yau kai ne Walin Kwandarma. Na ba ka gidan da ke jikin masallaci, da gonakin Tsamiyar Doka. Dogarai huɗu za su tsare ƙofarka don girmamawa, masu tsaron ƙofofin birni kuma an gaya musu kada su bari rana ta taɓa ka a waje."

Mutumin da bai taɓa shekara biyu a gari ɗaya ba ya gane abin da aka yi masa.

Sarki ya ci gaba. "Takardun kuma sun bushe, suna nan farare. Abin da ke cikinsu yana kanka. A mayar da shi duka, daga farko har ƙarshe, mu ajiye saboda wata rana. Na ga hannunka na rawa, ba zan wahalar da kai ba. Sarkin Zango!"

"Zaki."

"Duk garin nan kai ne mai Larabci. Zango ƙanenka zai riƙe. Kai kuwa daga gobe, daga fitowar rana zuwa la'asar, kana gaban Wali da alƙalami. Ya faɗa, ka rubuta. Zaman fada na ɗauke maka, kada ya raba maka hankali."

Gwadabe ya faɗi ya yi godiya, don ba a yi wa Sarki gardama. Goshinsa na ƙasa ya ji Shamaki, bawan fada, na naɗe buzunsa.

Da safe ya iske Shaihu a zauren sabon gidan, dogarai na zaune a ƙofa. An shimfiɗa masa tabarma a ƙasa, ga tawada, ga tulin takardun da ya wanke da hannunsa, duk sun yamutse saboda ruwa. Ya zauna, ya fiƙe alƙalami, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Daga Tilimsana za mu fara?"

Shaihu ya ce, "A'a. Tilimsana ta yi nisa, sai na yi tunani. Mu fara da abin da ban manta ba. Rubuta Bisimilla."

Ya rubuta.

"Rubuta: Sannan na isa birnin Kwandarma a ƙasar baƙaƙe, na sauka a gidan wani mutum da ya taɓa zuwa hajji sau ɗaya. Na ci abincinsa wata biyar, na ɗauke shi ɗan'uwa. Zan faɗi abin da ya yi mini, domin duk wanda ya karanta wannan a gabas ko yamma ya sani. Sunansa..."

Alƙalamin ya tsaya. Tawada ta ɗiga a kan takarda.

Shaihu ya ce, "Rubuta mana, Alhaji. Ka fi ni sanin yadda ake rubuta shi."